Kaso Nawa Aka Yi? Nazarin Aikin Layin Dogo Tsakanin Daura da Katsina

Ranar 9 ga Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a Kwarin Tama, nan jihar Katsina. Shugaba Muhammadu Buhari daga Abuja ya yi jawabinsa ta majigi, ministan sufuri Rotimi Amaechi da Gwamna Aminu Bello Masari kuma su ne a filin taro. Tsawon layin kilomita 284 ne. Zai tashi daga Kano ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, ya tsallaka iyaka ya ƙare a Maraɗi, sannan ga reshe mai kilomita 93 daga Kano zuwa Dutse. Kuɗin kwangilar dala biliyan 1.96. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba aikin, aka ɗibar masa wata 36.

Wata 36 sun cika a farkon 2024. Ranar 15 ga Yulin 2025, da aka dawo da gawar Buhari daga Landan, a filin jirgin saman Katsina aka sauke ta, aka bi titin mota da ita zuwa Daura, tafiyar kilomita kusan 80. Manya da ƙanana da suka cika garin don jana'iza da ta'aziyya, babu ko ɗaya da jirgin ƙasa ya kawo.

Wannan ba labarin aikin da aka yi watsi da shi ba ne. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Daura ya ga tifofi da gireda, ya ga tudun jar ƙasa ya miƙe cikin gonaki kamar an ja shi da igiya. Ana aiki. Gwamnatin Bola Tinubu ta ce ta tarar da shi bai taka kara ya karya ba, ta kuma tura shi har ya wuce rabi, wa'adin kammalawa kuma aka ɗage shi gaba. Abin da nake son dubawa shi ne tambayar da ake yi a kowace majalisa daga Kofar Soro zuwa bakin tashar Daura, wato "kaso nawa aka yi?" Ina ganin wannan tambayar, ko an amsa ta da gaskiya, ba ta gaya wa Bakatsine ranar da zai hau jirgi, kuma tana ɗauke mana hankali daga ayyukan da ba sa cikin kwangilar Mota-Engil ko kaɗan.

Yadda ake ƙirga kaso

Layin dogo hawa-hawa ake gina shi. Da farko safiyo su fitar da hanya, a biya diyya, a share. Sai aikin ƙasa: inda ke da kwari a cike, inda ke da tudu a yanke, domin jirgi ba ya son hawa da gangara irin na mota. Ana zuba burji shimfiɗa bayan shimfiɗa, a yayyafa ruwa, rola ta danne, injiniya ya gwada taurinsa kafin a ƙara wata. Cikin haka ake gina kwalbatoci da gadoji. Bayan nan a zuba tsakuwar dutse, a jera matasan kankare, a ɗora ƙarfen dogo, a haɗa shi da walda, wata na'ura ta bi tana daidaita shi. A ƙarshe sai sigina da wayoyin sadarwa, tashoshi, wurin gyaran jirage, sannan gwaji na watanni kafin a yarda a ɗauki ran mutum.

Kason da jami'ai ke faɗa yawanci daga ƙimar aikin da aka yi ake fitar da shi, a auna da jimillar kwangila. Aikin ƙasa da kankare na cinye kuɗi masu yawa, kuma shi ne ake iya yi a wurare goma lokaci guda: ayari ɗaya a Kazaure, wani a Daura, wani a Mashi. Don haka lissafi yana hawa da sauri a tsakiyar aiki. Amma jirgi ba ya tafiya a kan kaso. Idan an gama kilomita 79 cikin 80 tsakanin Daura da Katsina, gada ɗaya ta rage a kan wata korama, to babu jirgin da zai taso. Titin mota ba haka yake ba, in an gama rabi direbobi sun hau rabin, sauran su ratse ta gefe. Mu kuwa idonmu da titin mota ya saba, shi ya sa in aka ce an yi kashi 60 sai mu ɗauka saura kaɗan.

Ga kuma damina. A ƙasarmu ruwa gajere ne, daga Yuni zuwa Satumba, amma in ya sauko da ƙarfi yake saukowa kan ƙasa mai yashi. Tudun da ba a gama danne shi ba ko ba a kare gefensa ba, ruwan dare ɗaya na iya zaizaye shi, a dawo ana cikewa. Duk shekarar da aka ƙara a kan wa'adi, an ƙara wata damina kenan da za ta ci wani abu daga aikin da aka riga aka ƙirga.

Kuɗi, waɗanda su ne suka fara tsayar da komai

An amince da kwangilar a majalisar zartaswa cikin Satumban 2020, aka sa hannu a Janairun 2021. Tsarin da aka yi shi ne a ciwo bashin yawancin kuɗin daga waje, ɗan kwangila ya taimaka wajen nemowa. Bankunan da aka ambata a lokacin sun haɗa da KfW IPEX na Jamus, Credit Suisse na Suwizalan, da Africa Finance Corporation. Ma'ana, ranar da aka yi biki a Kwarin Tama kuɗin ba su gama zuwa hannu ba. An ɗaura aure ne sadaki yana ajalan. Shi kansa Credit Suisse ya durƙushe a Maris ɗin 2023, bankin UBS ya haɗiye shi.

A tsakanin nan ma'aikatar sufuri ta ga ministoci uku. Amaechi ya sauka a Mayun 2022 don neman takarar shugaban ƙasa, Mu'azu Jaji Sambo ya riƙe na ɗan lokaci, Sa'idu Ahmed Alkali ya karɓa a Agustan 2023. Kowanne sai ya zo ya zagaya, ya tsaya gaban 'yan jarida da hular kwano, ya faɗi sabon wa'adi.

Sai faɗuwar naira. A farkon 2021 farashin gwamnati wajen naira 380 ne kan dala ɗaya, wato kwangilar ta kama kusan naira biliyan 745. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 cikin 2024, kwangilar nan ɗaya, ba a ƙara mata ko kilomita ɗaya ba, ta doshi naira tiriliyan uku. Man gas da tifa da katafila ke sha bai kai naira 250 lita ba lokacin da aka aza harsashi, daga baya ya wuce naira 1,000. Ɗan kwangilar da ake biya da dala yana da ɗan tudun dafawa. Gwamnatin da ke tara haraji da naira ta biya bashi da dala ba ta da shi, haka ƙananan 'yan kwangilar gida masu kawo yashi da tsakuwa da ruwa.

Kuma dala biliyan 1.96 ɗin nan na hanya ne da tashoshi. Kan jirgi da taragai da kayan gyara lissafinsu daban, wanda majalisar zartaswa ta amince da shi a 2023 kan kuɗin da suka doshi dala biliyan ɗaya. Ba safai ake haɗa wannan a cikin kason da ake sanarwa ba.

Gona da burtali

Nan ne aikin ya taɓa mutane tun kafin su ga ƙarfe. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon karɓe ta don amfanin jama'a. Diyyar da doka ta tanada ba ta ƙasar kanta ba ce, ta abin da ke kanta ce: gini, shuka, itatuwa masu amfani. Manomin da ke da mangwaro da ɗorawa da tsamiya a gonarsa yana da abin ƙirgawa. Wanda gonarsa fili ce ta gero da wake, in masu ƙiyasi suka zo da rani bayan an kwashe kara, abin da za su rubuta masa kaɗan ne, alhali wannan filin ne ke ciyar da gidansa tun zamanin kakansa. Idan kuma an yi ƙiyasi a 2021 aka biya bayan shekara biyu ko uku, kuɗin da dā za su sayi wata gona a gefe yanzu ba su fi na taki ba.

Gonar gado tana da nata rikicin. Suna ɗaya ake rubutawa a takarda, masu haƙƙi kuwa goma ne, har da mata da ke aure a wasu garuruwa waɗanda sai daga baya labari ke iske su. Dagatai da masu unguwanni su ke shan wannan shari'ar, ba injiniya ba.

Wani kawuna da ke noma a gabashin Katsina, da na ce masa ai jirgi zai kawo arziki, bai musa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, jirgin nasu ya wuce lafiya. Ni dai a gaya mini ta inda amalanke zai bi in kwaso dawata." Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a ƙauye. Layin zamani tudu ne mai tsawo, wani wuri ya fi tsayin ɗaki, kuma ba a son mutum ko dabba su hau shi. Ya raba gona biyu, ya raba ƙauye da rijiyarsa, ya yanke burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya. Inda aka bar mashiga ta ƙarƙashi ko gada ta sama, lafiya lau. Inda aka bar tazara mai nisa tsakanin mashiga da mashiga, mutane ba za su yi zagayen kilomita uku da jaki ba, za su sare gefen tudun su yi tasu hanya. A layin Abuja zuwa Kaduna an sha jin jirgi ya bige shanu. Yankin Daura, Mai'aduwa da Mashi kuwa hanyar dabbobi ce tsakanin Nijar da kasuwanninmu. Ƙara mashiga ɗaya yanzu, lokacin da injina ke wurin, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan fasa layi bayan jirgi ya fara gudu.

Ramukan da aka haƙi burji ma abin dubawa ne. In an gyara bakinsu sun zama tafkin shayar da dabbobi da noman rani. In an bar su da gaɓa mai tsayi a bayan gari, damina na cika su sun zama tarkon yara.

Iyaka

Hujjar da aka kafa aikin a kanta ita ce jawo kayan Nijar, ƙasar da ba ta da teku, su bar tashoshin Kwatano da Lome su koma Legas. Zumuncin kam ba a tambaya: sarautar Maraɗi daga Katsina ta fita bayan jihadi, har yau Sarkin Katsinan Maraɗi ake cewa, kuma da wuya ka sami gida a Jibiya da ba shi da dangi a Ɗan Isa. Amma iyakar nan an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai har zuwa Maris ɗin 2024, sannan Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Tsakanin Katsina da Jibiya kuma matsalar 'yan bindiga ta sa aiki a daji ba ya yiwuwa sai da rakiyar jami'an tsaro.

Ta kudu ma da saura. Sabon layin mai faɗin milimita 1,435 ne, tsohon na Turawa da ya iso Kano a 1911 kuwa 1,067, taragon wannan ba ya hawa wancan. An buɗe Abuja zuwa Kaduna a 2016, Legas zuwa Ibadan a 2021, ana kan Kaduna zuwa Kano, amma tsakanin Ibadan da Abuja ba a shimfiɗa sabon layi ba. Kwantenar da aka ɗora a Apapa ba za ta zarce Maraɗi a kan tarago ɗaya ba tukuna. Don haka a shekarun farko, amfanin layin na kusa ne: fasinja da kaya tsakanin Kano, Daura da Katsina.

Abin da ya faru da jirgin cikin garin Abuja

To in amfanin na kusa ne, misalin da ya kamata mu zuba wa ido shi ne jirgin cikin birnin Abuja, domin shi an kai shi kashi ɗari. An ba kamfanin CCECC na Sin kwangilarsa a 2007. An ciwo bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin. Buhari ya buɗe shi ranar 12 ga Yulin 2018, kilomita kusan 45 da tashoshi 12, daga tsakiyar birni ta Idu zuwa filin jirgin sama, da reshe zuwa wajen Kubwa. Shekara 11 kenan daga kwangila zuwa yanka kirtani.

Da aka buɗe sai ga shi fasinja ba su zo ba. Tashoshi da dama an gina su a daji babu titin da zai kai ka, babu motar haya da ke jira a baki. Jirgin sau ƙalilan yake tashi a yini. Ma'aikatan da ke cika Abuja kowace safiya yawancinsu daga Nyanya, Mararaba da Ƙaru suke fitowa, layin kuwa bai je can ba. A 2020 aka dakatar da shi saboda korona, ya kwanta kusan shekara huɗu. Ɓarayi suka bi suka kwashe wayoyin sigina. Sai da aka sake kashe kuɗi aka gyara, ministan Abuja Nyesom Wike ya gina hanyoyin shiga tashoshi, Tinubu ya sake buɗe shi ranar 29 ga Mayun 2024, aka kuma yi ta ɗaukar mutane kyauta don su saba. Duk tsawon wannan kwanciyar bashin bai kwanta ba.

Legas ta yi jinkiri fiye da haka a layinta na farko, wanda aka fara wajen 2010, kilomita 13 na farko daga Marina zuwa Mile 2 ba su fara ɗaukar fasinja ba sai Satumban 2023. Amma da ya fara mutane sun hau, saboda ya bi ta inda cunkoso yake, kuma hukumar da ke kula da shi ita ke kula da manyan motocin bas, katin biya ɗaya ne. A maƙwabta kuma, layin da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, kilomita 140 da 'yan kai, an gama shi an yi biki, bai taɓa yin jigilar kirki ba.

Babu ɗaya daga cikin abubuwan da suka kwantar da jirgin Abuja da ke cikin lissafin kason ɗan kwangila.

Katsina da Daura ba su taɓa zama garuruwan jirgi ba. Layin Turawa na Zariya zuwa Kauran Namoda ta Funtuwa ya bi a ƙarshen shekarun 1920, birnin Dikko ya ci gaba da dogaro da raƙumi da jaki, daga baya mota. Babu unguwar 'yan reluwe, babu 'yan dako da suka gaji aikin tasha, babu al'adar duba agogo don jirgi. Sabbin tashoshi kuma a bayan gari ake gina su: Rigasa a Kaduna, Idu a Abuja, Moniya a Ibadan. Layi irin wannan ba zai shigo cikin ganuwa ba. Ɗan kasuwar da ke Kofar Marusa mai son zuwa Kantin Kwari zai yi lissafi mai sauƙi: kuɗin Napep zuwa tasha, jiran jirgi, kuɗin tikiti, wata Napep ɗin daga tashar Kano zuwa kasuwa, sannan dawowa da dila uku. A ɗaya gefen kuma ga mota a tasha, tana cika tana tashi, ta sauke shi kusa da inda za shi. Layin Maraɗi ma ba kai tsaye ya nufi Katsina ba, ta Daura ya zagayo, don haka nisan jirgi ya fi na titin Kano zuwa Katsina. In jirgin sau ɗaya ko biyu ne a yini, ba zai raba wannan mutumin da direbansa ba, sai dai don tsaro ko rahusa. Ɗan Daura da ɗan Kazaure su ne suka fi kusa da riba, domin su layin ya bi hanyarsu ta dā ma.

Kaya ne za su riƙe layin, ba fasinja ba: siminti, taki, man fetur, hatsi, riɗi, aya, albasa, dabbobi. Su kuma suna bukatar abin da ba ya ɗaukar hoto mai kyau: layin gefe inda tarago zai tsaya a yi lodi, sito, sikeli, dakalin hawar da shanu, titin da tirela za ta iya juyawa. Dillalin shanu a Mai'aduwa ba zai kora garke zuwa tashar da ba ta da kara da ruwa ba.

Yawancin waɗannan ayyukan jiha ne da ƙananan hukumomi. Jihar da ta iya gina gadojin ƙasa a Kofar Kaura da Kofar Kwaya, ta kuma yi titin da ya zagaye gabashin birni, ba za ta kasa titin tasha ba, in an sa shi a kasafi da wuri. Hukumar sufuri ta jiha, KTSTA, tana da motoci, ana iya ware wasu su riƙa tashi daidai da lokacin jirgi. Filayen da ke kewaye da tasha ya kamata a tsara su tun yanzu, kafin masu ido da kwalli su saye su yanka fuloti, a wayi gari babu inda za a yi tashar mota. Ƙungiyoyin direbobi da 'yan Napep gara a zauna da su tun kafin su ɗauki jirgin a matsayin kishiya.

Tsaron layin kansa ma da mutanen gefensa ake yinsa. Harin 28 ga Maris 2022 a kan jirgin Abuja zuwa Kaduna ya tsayar da zirga-zirga sama da wata takwas. Kilomita 284 ba a iya jera musu soja. Ƙauyen da aka biya diyyarsa daidai, aka bar masa mashiga, aka ɗauki 'ya'yansa aikin duba layi, shi ne zai kai rahoto in ya ga ana kwance ƙusa. Jami'ar sufuri ta tarayya da ke Daura, wadda Buhari ya aza harsashinta a Disamban 2019, CCECC kuma ya gina, tuni ta fara ɗaukar ɗalibai. Layin da zai wuce ta garin yana bukatar masu sigina, masu walda, masu duba tsakuwa da direbobi, kuma kwangilar gini tana ƙarewa ne ranar da aka miƙa makulli. Albashinsu da man jirgi da kayan gyara daga kasafin hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya za su fito kowace shekara, hukumar da ke riƙe da tsohon layin Funtuwa zuwa Kauran Namoda a halin da duk mai bin hanyar ya san yake ciki.